Gargaɗi ga Mutanen Fadamar Hadeja da Nguru: Kachala na Cin Ruwa, Guba na Cin Gona

Jama'ar Hadeja, Auyo, Guri, Kirikasamma, Birniwa, Nguru da Bade, ku saurara. Manoma, masunta, makiyaya, da ku nake. Fadamar da ke ciyar da ku tana cikin haɗari, kuma haɗarin ya riga ya iso ƙofar gida. Kada ku jira wani ya zo daga Abuja ya gaya muku. Ku fita bakin ruwa ku duba da idonku.

Ina hanyar da kwale-kwale ke bi ranar kasuwa? Kachala ta toshe ta. Ina gonar shinkafar da mahaifinka ya bar maka? Kachala ta shige ta. Ina filin da ake baza taru a ja kifi? Yau ko koma ba ta jefuwa a wurin. Ciyawa ce ta fi tsayin mutum, ta yi duhu, ta yi kauri, ba ta barin jirgi ya ratsa, ba ta barin saniya ta kai baki ga ruwa. Bara tana can nesa. Bana tana bayan gida. Baɗi fa?

Wannan wuri ba ƙaramin wuri ba ne. Nan ne ruwan kogin Hadeja da na Jama'are ke bazuwa kafin su haɗu su zama Komadugu Yobe, su wuce Gashuwa da Gaidam, su bi iyakar Difa a Nijar, su faɗa Tafkin Chadi. A shekarar 2000 aka sa Tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga wannan jeri. Tsuntsaye na tasowa tun daga Turai su yi hunturu a Dagona da Baturiya. Shinkafa, alkama, tattasai, albasa, kifi, kanwa, goruba, kaba, kiwon rani, duk daga nan. Idan wannan fadama ta mutu, ina mutanenta za su nufa?

Ku san daga inda cutar ta faro. A da, ruwa na zuwa da ƙarfi da damina, ya malale fadama, sannan ya janye da rani ƙasa ta bushe ƙurmus. Wannan zuwa da komawa shi ne rayuwar wurin. Kifi ya hayayyafa a malale. Manomi ya bi ruwa yana shuka a laimar da ya bari. Makiyayi ya sauko da dabbobinsa kan sabuwar ciyawa. Kachala kuwa ba ta samun wurin zama, domin bushewar rani na karya ta.

Sai aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992. Babbar malalar damina ta ragu. A madadinta sai ga ɗan ruwa mai tafiya a hankali, rani da damina, ba ya yawa ba ya yankewa. Ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa, abin da kachala ke nema ke nan. Ta kafa saiwa. Saiwar ta tare laka. Laka ta cike magudana. Da magudana ta toshe, ruwa ya rasa hanya, sai ya karkata inda ba a so. Shi ya sa wani gari ke nutsewa, wani garin kuma a ƙasa da shi yana kukan ƙishirwa, duk a shekara guda. Kun ga abin da ambaliyar 2022 ta yi a Jigawa. Ruwan sama ya yi yawa, gaskiya ne. Amma kogin da aka shaƙe masa wuya, ta ina zai wuce?

Masana sun yi magana tun da wuri. A farkon shekarun 1990, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage sun zauna sun lissafa abin da fadamar nan ke samarwa na noma da kifi da itace, suka gwada shi da abin da babban aikin noman rani na kogin Kano ke samarwa. Sun gano cewa ruwan da aka bari ya malala a fadama ya fi kawo amfani, nesa ba kusa ba, a kan ruwa daidai wannan da aka karkatar zuwa can. An buga binciken. Ana karanta shi a jami'o'in duniya har yau. Wa ya yi aiki da shi? Shekara talatin da ɗoriya ke nan.

Ku dubi Tafkin Chadi idan kuna ganin babban ruwa ba ya ƙarewa. A shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Garuruwan da ke bakin ruwa suka wayi gari ruwa ya yi musu nisa. Ku tambayi mutanen Baga.

Kachala ba ta zuwa ita kaɗai. Cikinta jan-baki ke kwana yana ƙyanƙyasa, da asuba ya fito kamar hadari ya sauka kan shinkafa da gero. Yara nawa aka cire daga makaranta domin korar tsuntsu? Cikinta sauro ke hayayyafa rani da damina. Cikinta ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya ke samun mafaka. Ka ga yaronka na fitsarin jini? Kada ka ce balaga ce. Kada ka ce zai wuce. Tsargiya ce, kuma tana lalata mafitsara da ƙoda a hankali. Akwai maganinta a asibiti. Kai shi yau.

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali. Da wuya ta yi wuya, sai muka koma ga guba. Ciyawa ta fito, a yi feshi. Tsutsa ta fito, a yi feshi. Ganye ya yi rawaya, a yi feshi, ko ba a san abin da ke damunsa ba. Ana sayen magani a kasuwa a hannun wanda bai iya karanta takardar jikin kwalbar ba. Ana haɗa kala biyu, kala uku, a tanki guda. Ana feshi ba safar hannu, ba takalmi, ba abin rufe hanci. An gama, sai a wanke tankin a ruwan da ake sha. Kwalbar kuma a ɗauraye a zuba man gyaɗa.

Ina kuke zaton gubar nan ke tafiya? Fadama ƙasa ce mai gangare. Duk abin da aka zuba a gona, ruwa zai kai shi kududdufi, kududdufi ya kai shi tafki. Kifi ya sha. Saniya ta sha. Mai ciki ta ɗebo ta sha.

Wasu ma kai tsaye suke zuba wa ruwa guba don kama kifi. Tun zamanin maganin ƙwari na Gammalin ake wannan ɓarna. Kifi ya taso sama, babba da ƙarami da ƙwai, a kwashe a banda a kai kasuwa. Mai yin haka, ka ji tsoron Allah. Abin da ka kashe a dare guda, shekara ba ta mayar da shi. Kuma ba ka san cikin wa kifin zai shiga ba.

Masu fesa wa kachala maganin ciyawa a cikin ruwa, ku ma ku dakata. Ganyen zai bushe ku ga kamar an yi nasara. Sai ya faɗa ruwa ya ruɓe, ruɓewar ta shanye iskar da kifi ke shaƙa, kifi ya mutu. Saiwar da ta tsira tana nan a cikin laka tana jiran ranarta. Haka ƙonawa. Wuta na cin sama, ba ta kaiwa ƙasa. Bayan 'yan makonni sai sabon tofo.

Akwai abin da masu bincike suka daɗe da tabbatarwa, kuma ya kamata kowane manomi ya sani. Gonarka cike take da ma'aikatan da ba ka biyan su ko sisi. Gizo-gizo na cin ƙwarin shinkafa. Kwaɗo na cin su. Belbela da shamuwa na cin fara. Akwai wasu ƙananan zanzaro, wasunsu ido da ƙyar yake ganin su, da ke saka ƙwai a jikin tsutsa su kashe ta. A cikin ƙasa kuma akwai ƙwayoyin halitta masu amfani da ke hana cutar ruɓewar saiwa yaɗuwa. Guba ba ta tantancewa. Tana kashe maƙiyi, tana kashe mai gadi. Kuma maƙiyin ne ke fara dawowa, domin ya fi saurin haihuwa. Ya dawo ya tarar ba mai tsare shi. Sai ka ƙara feshi. Sai ya saba da maganin. Sai ka sayi mai ƙarfi. A ƙarshe kuɗinka ya tafi, amfanin gona ya tafi, tsutsa tana nan.

An ga haka a Indonisiya. Manoman shinkafa sun yi ta feshi har wani ƙwaro mai tsotson kara ya gagare su, saboda an kashe masu cin sa. A 1986 gwamnatin ƙasar ta haramta magungunan ƙwari 57 a gonakin shinkafa, ta koma koya wa manoma gane ƙwaro mai amfani da mai ɓarna a cikin gonakinsu. Feshi ya ragu, shinkafa ba ta ragu ba.

Mu ma mun gani, a nan gida. Kun manta 2016? Tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta share gonaki a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta kafa dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Wane magani ne ba a fesa ba? Tsutsar na shiga cikin ganye ta ɓuya, feshi ya wuce ta sama. Wadda ta tsira kuma ta haifi 'ya'yan da maganin ba ya kamawa. A 2016 ɗin ce kuma aka fara ganin tsutsar masara da ta zo daga nahiyar Amurka. Kafin nan, a 2015, Tarayyar Turai ta hana shigar da waken Nijeriya saboda yawan gubar da ake zuba masa a ajiya. Waken da Bature ya ƙi, wa ya cinye shi? Mu da 'ya'yanmu.

To mene ne mafita? Akwai ta, kuma ba tatsuniya ba ce. An gwada ta a ƙasar nan da maƙwabta.

A shekarun 1970 wani farin ƙwaro ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka ya kama rogo, har aka ji tsoron yunwa za ta cinye miliyoyin mutane. Masu bincike na cibiyar IITA ta Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, suka samo wani ƙaramin zanzaro daga Faraguwe wanda ba shi da abinci sai wannan ƙwaro. Bayan gwaji mai tsanani aka fara sakin sa a Nijeriya a 1981, daga nan aka baza shi a ƙasashe da dama. Rogo ya tsira. Manomi bai sayi ko kwalba ɗaya ba.

A Nijar, masu bincike na cibiyar INRAN da na jami'ar Maraɗi suna yaƙi da tsutsar da ke cin zangarniyar gero da irin wannan dabara. 'Yar jakar buhu ce ake rataya a gona ko jikin rumbu, da zanzaro masu amfani a ciki. Su fito su bazu a gonakin ƙauye suna kashe tsutsa. Daga Maraɗi zuwa Hadeja tafiyar kwana nawa ce? Me ya hana mu koyo?

Ga wanda ya fi shafar lafiyarku. Akwai funfunar da ke kama gyaɗa da masara tun suna gona, ta ci gaba a rumbu idan ba su bushe sosai ba. Tana fitar da gubar da ake kira afalatokzin. Ba ta da ɗanɗanon da za ka gane. Dafuwa ba ta kashe ta. Tana jawo ciwon dajin hanta, tana tsumburar da yara. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu bayan cin masarar da ta kamu. Ku tuna inda gyaɗar da aka tsince, mai baƙi-baƙi da ruɓaɓɓiya, take ƙarewa a wurinmu. Cikin ƙuli-ƙuli. Cikin kunun yara. Cikin abincin kaji. Ku daina. Ku zubar da ita.

Masana a IITA sun binciki ƙasar gonakin Nijeriya suka samo 'yan uwan wannan funfuna waɗanda ba sa fitar da guba. Suka ɗora su a kan ƙwayar dawa da aka gasa don kada ta tsiro, aka rina ta shuɗi. Shi ne Aflasafe. Ana watsa kilo 10 a hekta guda, mako biyu zuwa uku kafin amfanin gona ya yi fure. Mai kyau ta riga mai guba kama wuri. Gwaje-gwaje a gonakin manoma sun nuna gubar na raguwa da kashi 80 cikin ɗari ko fiye. Abin namu ne, daga ƙasarmu aka samo shi. Manoma nawa a Guri suka taɓa jin sunansa? Wannan shi ne abin takaicin. Ilimin na Ibadan da Zariya, cutar na ƙauye.

Amma a kula. Kada wani ya ji wannan ya ɗauko ƙwaro ko kifi ko ciyawa daga wata ƙasa ya saki da kansa. A 1935 an kai wani kwaɗo Ostareliya don ya ci ƙwarin rake. Bai magance su ba. Ya bazu ya zama annoba har yau. Wannan aiki na masana ne da hukuma, bayan gwaji. Naka aikin shi ne ka daina kashe masu gadin da Allah ya riga ya ajiye maka a gona.

Kachala kuwa maganinta hannu ne da ruwa. A yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse gaba ɗaya. Ta cikin ganye take aika wa saiwarta iska. Idan ruwa ya rufe wurin yankan, saiwar ta shaƙe. Yanka ɗaya ba ya isa, sai an maimaita da zarar ta sake leƙowa. Kuma a yi kafin ta fitar da kai, domin kai guda na ɗauke da iri fiye da 100,000, iska ce ke raba shi. Mutum ɗaya ba zai iya ba. Ƙauye ɗaya ma ba zai iya ba, tunda idan na sama ya share na ƙasa bai share ba, ruwa zai sake tsayawa. Aikin gayya ne daga gari zuwa gari. Hakimai, dagatai, bulamai, sarakunan ruwa, sarakunan noma, ku sa rana. Kada ku jira injin gwamnati. Idan ya zo, madalla. Idan bai zo ba fa?

Abin da aka yanke kuma kada a bar shi a bakin ruwa ya koma ciki. A kogin Sanagal, inda kachala ta mamaye bayan gina madatsar Diyama a 1986, mutanen Muritaniya da Sanagal suna mayar da ita gawayin girki. A nan gida ma an yi bincike tare da Jami'ar Tarayya ta Gashuwa kan sarrafa ta zuwa abincin dabbobi da iskar gas. Idan matasa suka ga akwai kuɗi a yankan ta, ba sai an roƙe su ba.

Manomi, kafin ka ɗauki tankin feshi, shiga gonarka ka duba. Juya ganye. Mene ne ke ci? Ya kai a yi feshi? Idan ba ka gane ba, cire ganyen ka kai wa malamin gona. Tumatirin da tsutsa ta kama, tuge shi ka binne, kada ka jefa a bakin gona. Kada ka maimaita tumatir a wuri guda shekara da shekaru. Fara da ruwan 'ya'yan darbejiya da tarkon kama malam-buɗe-littafin sharon kafin ka kai ga guba. Idan feshin ya zama dole, bi ma'aunin da aka rubuta, ka rufe jikinka, ka nisanci bakin ruwa, kada ka sa yaro. Wake kuma akwai buhunan ajiya masu ninki uku da ke shaƙe ƙwaro ba tare da magani ba. Nemi su.

Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are, gwamnatocin Kano da Jigawa da Yobe da Bauci, kogin nan ɗaya ne. Masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sakin ruwan madatsa yadda zai yi kama da malalar damina, a kuma bar fadama ta bushe a lokacinta. Me ake jira? A yashe mashigu. A sanar da mutane kafin a buɗe ruwa. A hana sayar da haramtattun magunguna a kasuwannin ƙauye. A ɗauki malaman gona, a ba su abin hawa. Malaman jami'a na Dutse da Gashuwa da Kano da Zariya, ku fito da bincikenku daga kabad. Ku faɗe shi a rediyo da Hausa da Kanuri da Fulfulde da Bade. Takardar da manomi bai ji ba, ba ta kashe tsutsa ko ɗaya.

Limamai, ku sa wannan a huɗuba. Iyaye mata, ku duba gyaɗar da ke shiga kunun yaranku, ku fasa duk kwalbar maganin ƙwari da kuka gani a gida an zuba mata mai ko ruwa. Masunta, ku tona asirin mai zuba guba ko da ɗan uwanku ne.

Kachala ba ta hutun rani. Duk makon da kuka jinkirta, saiwarta na ƙara shiga gonar wani. Ku zauna da mai unguwarku a wannan makon, ku tsayar da ranar gayya, ku aika wa garin da ke sama da ku da wanda ke ƙasa da ku su fito rana ɗaya.